Ranar da Ƙararrawar Hagu Ta Yi Shiru

A kamfanin sayar da motocin alfarma da ke bakin babban titi, wanda bangonsa na gaba duk gilashi ne, akwai wani mutum da kusan kowa ya manta sunansa na gaskiya. Daga Manaja har mai gadi, Mai Kunne suke ce masa. Shi ma in ya ɗaga wayar ofis, da wannan sunan yake gabatar da kansa.

Ɗan tela ne. A shagon mahaifinsa ya tashi, tsakanin kekunan ɗinki, kuma tun yana ƙarami yakan ɗago kai ya ce, "Baba, keken can na bakin ƙofa yana neman mai," tun mai keken bai ankara ba. Mahaifin ya so ya gaje shi, amma hannunsa bai karɓi almakashi ba. Ya yi gyaran rediyo na ɗan lokaci, ya yi wa wani ɗan kasuwa tuƙi, daga nan Allah ya kai shi wannan kamfani a matsayin direban da ke kai wa masu saye motocinsu gida. A hanya yakan kunna rediyon kowace mota, in ya dawo ya yi ta ba da labarin yadda muryar wannan ta bambanta da ta waccan. Tun ana yi masa dariya har Manaja ya ce a ɗinka masa kwat, a tsayar da shi a ɗakin nuni.

Aikinsa ba sayar da mota ba ne kai tsaye. Mai saye zai zo ya zaɓi mota, ya zaɓi launi da irin fatar kujeru, sai a zo kan kayan sauti. Masana'antu sukan turo motar da ɗaya daga cikin hawa uku: akwai na gama-gari, akwai na tsakiya, akwai na ƙoli wanda tsadarsa kaɗai kan sa attajiri ya cire tabarau ya sake duba takarda. A nan ake kiran Mai Kunne.

Ba ya yawan bayani a tsaye. Sai ya buɗe wa mutum ƙofa, ya zaunar da shi, ya rufe, ya bari shirun motar ya ɗan ratsa shi tukuna. Sannan ya sa kiɗansa. Kiɗa ɗaya yake amfani da shi tun fil'azal: muryar wata mace, da ganga, da sarewa, da wata 'yar ƙararrawa siririya da ke kaɗawa can gefen hagu idan an yi nisa.

"Wannan na gama-gari ne," yakan ce. "Lasifikokin a ƙofofi suke, shi ya sa kake jin matar kamar daga gwiwarka take waƙa. Ba laifi. In labarai kake ji da safe, ya ishe ka har ka ba maƙwabci."

A mota ta biyu, mai na tsakiya, sai ya ɗora hannun mai saye a kan kujera. "Ka ji gangar a bayanka? Akwai babbar lasifika a but, wurin kaya na baya, da injin da ke tura ta. Matar kuma ta tashi daga gwiwa ta hau dashbod. Amma saurara, in ganga ta shigo da ƙarfi, sarewa takan ɓuya."

A ta uku ba ya cewa komai sai ƙananan lasifikoki sun gama tasowa daga cikin dashbod. Akwai wasu a rufi, akwai wasu a matashin kai. Sai ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa. "Yanzu tana tsaye a gabanka, har numfashinta kana ji. Mai ganga yana bayanta, mai sarewa a dama. Jira... ga ƙararrawa nan a hagu." Ƙararrawar ta kaɗa, mai saye ya waiga kamar zai ga mai kaɗa ta a bakin taga. Da wuya wanda ya yi wannan waigen ya fita bai sa hannu ba.

Har tsakanin na ƙolin ma yakan bambanta, don kowace masana'anta da irin nata. Yakan ce na wannan mota yana da taushi kamar bargo, ya dace da mai doguwar tafiya. Na waccan kaifi gare shi kamar reza, matasa ke sonsa, amma yana gajiyar da kunne. Akwai kuma wanda ya ce rabin kuɗinsa a fitilu da ragar ƙarfe mai sheƙi ya tafi, "na ido ne, ba na kunne ba." Manaja yakan harare shi in ya faɗi haka, amma ya san saboda irin wannan maganar ce mutane ke dawowa su ce lallai sai Mai Kunne.

Yana da amini a wurin, ana ce masa Zuma saboda daɗin bakinsa. Tun zamanin gyaran rediyo suke tare, a benci ɗaya, kuma Mai Kunne ne ya yi masa hanya ya shigo kamfanin bayan shagon ya mutu. Zuma ke tarbar mai saye, ya yi masa hira, ya yabi takalminsa, ya kawo shi bakin mota, Mai Kunne ya ƙarasa. Da rana a kwano ɗaya suke ci a bayan garejin. 'Ya'yan Zuma Baffa suke ce wa Mai Kunne. Matar Mai Kunne, wadda malamar makaranta ce kuma kowa Malama yake ce mata, takan yi masa tsiya: "Ni dai na san ni ce ta biyu a gidan nan. In Zuma ya yi atishawa kai ne ke kamuwa da mura."

Abin ya fara ne da wata 'yar ƙara a kunnen Mai Kunne na hagu, siririya kamar kukan sauro. Ya ɗauka gajiya ce. Sai Malama ta fara maimaita masa magana in tana gefen hagunsa. Auta, ƙaramar 'yarsu, ta ce, "Baba, talabijin ɗin nan ya yi ƙara fa." Ya daka mata tsawa, abin da bai saba ba. Ranar da ya tabbatar da abin, shi kaɗai ne a cikin mota mai na ƙoli, yana gwada ta da safe kafin a buɗe. Ya ɗaga yatsa inda ya saba ɗagawa, sai ƙararrawar ta zo masa a dishe, kamar an rufe ta da tsumma. Ya mayar baya, ya ƙara sauti. Haka ta sake zuwa. Ya kashe kiɗan.

Wanda ya fara gaya wa shi ne Zuma, kafin ma Malama. Zuma ne ya ɗauke shi a motarsa ya kai shi asibiti, ya zauna a benci yana jiransa. Likita ta sa masa wani abu a kai, ta yi ta aiko masa da ƙararraki yana danna maɓalli. Da ta gama ta ce jijiyar ce ta fara rauni, siraran sautuka sun tafi a hagu kuma ba za su dawo ba, na dama ma sai an kiyaye. Ta ce akwai na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne, za ta taimaka ƙwarai.

A hanyar dawowa Mai Kunne ya ce, "Gobe zan gaya wa Manaja."

Zuma ya taka birki har na bayansu ya yi hon. "Ka haukace? Mai Kunne da na'ura a kunne? Wa zai yarda da kai? Manajan nan da kake gani, ranar da ya ji, ranar zai nuna maka ƙofa. Ni na san shi, ni ke shiga ofishinsa. Ka rufa wa kanka asiri, ɗan'uwa. Kana da yara a makaranta."

"To in wani abu ya lalace a mota ban ji ba fa?"

"Ni mene ne amfanina? Kullum kafin ka shiga, ni zan shiga in saurara. In komai lafiya, ka gan ni na gyara agogona. Kai dai ka yi maganarka, ai ka haddace kiɗan nan kamar sunanka. Ni ne kunnenka na hagu daga yau."

Idon Mai Kunne ya ciko. Ya kama hannun Zuma ya riƙe.

Da ya gaya wa Malama, ba ta ji daɗin shawarar ba. Ta ajiye jan biron da take duba aikin ɗalibai da shi, ta ce, "Baban Auta, ciwo ba sata ba ne da za a ɓoye shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ka je ka faɗa da bakinka."

"Ke ba ki san wurin nan ba. Zuma ya sani."

"To," ta ce, ta ɗauki bironta. "Allah ya sa Zuma ya sani."

Haka aka yi ta tafiya har damina ta wuce, wata ta zagayo. Zuma ya shiga mota, ya fito, ya gyara agogo. Mai Kunne ya shiga, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa daidai inda ƙararrawa take, masu saye su waiga. Babu wanda ya gane. Amma shi ya san ya daina sauraro, haddar kawai yake bi, kuma kullum ya koma gida da ciwon kai.

Ana nan sai labari ya zo cewa kamfani zai buɗe sashe na musamman na kayan sauti, da ɗaki nasa da shugabansa, kuma za a tura shugaban sashen zuwa masana'anta ya yi kwas. Babu wanda ya yi gardamar wa za a ba. Masu wankin mota har sun fara ce masa Shugaba. Zuma ne ya fi kowa murna, ya rungume shi a gaban jama'a yana cewa, "In ka je ka sayo mini agogo, wannan ya gaji da gyara." Su biyu suka yi dariyar da su kaɗai suka san ma'anarta.

Ranar da wakilin masana'anta ya zo ganin wanda za a tura, an yi dace wata babbar mai saye tana nan, wata Hajiya mai otal-otal, wadda ke son motoci don ɗaukar manyan baƙinta kuma tana shakkar ko na ƙoli ya cancanci kuɗinsa. Manaja ya ce a haɗa su gaba ɗaya, wakili ya ga aiki da idonsa. An gama da na gama-gari, an gama da na tsakiya, komai ya tafi daidai, har Hajiya ta yi dariya da zancen matar da ke waƙa daga gwiwa. Aka zo kan baƙar motar da ke tsakiyar ɗaki. Mai Kunne ya dubi Zuma. Zuma ya gyara agogo.

Hajiya ta zauna a gaba kusa da shi. Manaja da wakili da Zuma suka shiga baya. Kiɗa ya tashi.

"Ranki ya daɗe, yanzu tana tsaye a gabanki," Mai Kunne ya ce, idonsa a lumshe. "Ki ji yadda sauti ya kewaye ki ta ko'ina, babu gefen da ya fi wani. Mai sarewa a dama. Jira..." Ya ɗaga yatsa. "Ga ƙararrawa nan a hagu. Kin ji ta?"

Shiru. Ya buɗe ido. Hajiya ba ta waiga ba, shi take kallo.

"Wace ƙararrawa, Malam? Ni ban ji komai ba. Tun da aka fara ma gefen naka kamar a toshe yake."

Ya yi murmushi, ya mayar da kiɗan baya, ya sake ɗaga yatsa, yana addu'a a ransa. "Ga ta nan, siririya ce, sai an natsu."

Wakili ya miƙo hannu daga baya, ya ɗora tafinsa a kan 'yar lasifikar da ke jikin ginshiƙin hagu. Ya ce a hankali, "Wannan ba ta aiki. Ta rufi ma haka."

Kafin Mai Kunne ya sami abin faɗi, sai ya ji muryar Zuma, mai taushi, cike da tausayi. "Ranka ya daɗe, don Allah a yi masa uzuri, ba da gangan ya yi ba. Kunnen ne. Likita ta ce na hagun ya tafi, tun bara. Ni na yi ta ba shi shawara ya faɗa, amma kun san mutum da aikinsa."

Wannan maganar Mai Kunne ya ji ta sarai, don ta dama ta shigo masa. Ya ɗaga ido ya dubi madubi. Zuma bai yarda sun haɗa ido ba, yana kallon gwiwoyinsa. Hajiya ta ce, "Allah sarki, Allah ya ba da lafiya," ta buɗe ƙofa ta fita. Tausayin nan nata ya fi masa zafi da a ce zaginsa ta yi.

Da yamma Manaja ya kira shi ofis. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce, "Abin da ya ba ni haushi, me ya hana ka gaya mini? Kamfani na da yarjejeniya da asibiti, da tuni an sa maka na'ura. Ni kaina mahaifiyata da ita take ji. Ka ɗauka ni wane irin mutum ne? Amma yanzu ka zauna gaban baƙo ka ce ka ji abin da babu shi. Da wane baki zan ce masa kai zan tura?"

Mai Kunne ya buɗe baki zai ce wani ne ya hana shi, sai ya ga maganar ba za ta yi masa kyau ba, shi da furfura a gemu. Ya ce, "Na yi kuskure, ranka ya daɗe." Aka mayar da shi farfajiyar baya, inda ake karɓar sababbin motoci daga tirela, a duba jikinsu, a ɗaura lamba.

Har a lokacin yana nema wa Zuma uzuri. Ya ce wa kansa wataƙila lasifikar ta mutu ne bayan Zuma ya gwada, wataƙila rikicewa ce ta sa ya yi maganar. Washegari mai gyaran lantarkin motoci, wani dattijo da bai cika magana ba, ya same shi a gindin tirela, ya zagayo ta damarsa, ya ce, "Na buɗe baƙar motar nan. Babu abin da ya ƙone. Zare wayoyin aka yi daga but, guda biyu, duk na hagu, aka mayar da marfi tsaf. Jiya da safe Zuma ya ari makullin akwatin kayan aikina. Ni dai na faɗa maka ne don kada ka yi ta zargin kunnenka shi kaɗai."

Ya sami Zuma a bayan gareji, inda suka saba cin abinci. Bai ɗaga murya ba.

"Duk na hagu ka zare."

Zuma ya ajiye cokali. Ya yi kamar zai musa, sai ya fasa. Bakin nan mai daɗi ya bushe. "To, na zare. Kai a ganinka daidai ne a tura mutumin da ba ya ji? Ni ke shiga mota, ni ke saurare, ni ke gano wadda ta lalace, kai ka zo ka ɗaga yatsa a tafa maka. Tun a shagon rediyo haka muke, kai ne Mai Kunne, ni mai surutu. Na gaji da zama kunnen wani. Ni ma ina da yara."

"Da ka ce mini kana so, wallahi da ni zan shiga in ce a ba ka."

"Ka ba ni," Zuma ya ce, yana murmushin da ba na daɗi ba. "Kullum kai ke ba ni. Aikin ma kai ka ba ni."

"Ranar da muka dawo daga asibiti, da ka hana ni faɗa, tun ranar ka shirya?"

Zuma ya ce, "Ranar da gaske nake." Mai Kunne ya tsaya yana kallonsa, yana neman ya gane ko wannan gaskiya ce, ya kasa. Mutumin da ya sani tun suna samari, ga shi zaune gabansa, amma bai san ta inda zai fara karanta fuskarsa ba. Ya juya ya tafi.

Malama ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba, ko da yake ya ga maganar a bakinta. Ita ta raka shi asibiti aka sa masa na'ura, irin ta talakawa, mai launin toka, wadda ke yin ƙara in iska ta kaɗa. Ranar farko da ya sa ta, ya ji ƙarar cokali a kofi daga kicin, ya zauna a gefen gado ya yi kuka kamar yaro. Malama ta rufe ƙofa don kada Auta ta gani.

Zuma aka tura. Ya dawo da sabuwar kwat da ɗaki mai sunansa a ƙofa. Wani lokaci in Mai Kunne ya shigo da mota ta ƙofar gefe, yakan hango shi zaune da mai saye, idonsa a lumshe, yana zancen bargo da reza. An ce yana sayarwa ba laifi. In sun haɗu a hanya, Zuma ya ce, "Ina kwana," Mai Kunne ya ce, "Lafiya," kowa ya wuce. Abin da ya fi damun Mai Kunne shi ne yaran. Wata rana a bakin titi ƙaramin ɗan Zuma ya hango shi, ya ɗaga hannu zai kira Baffa, uwarsa ta ja shi suka tsallaka.

Bayan dawowar Zuma da ɗan lokaci, matar tasa ta zo gidan Mai Kunne da kanta, ranar hutu da hantsi. Ta zauna a bakin kujera kamar baƙuwa, a gidan da da can har kicin take shiga ta buɗe tukunya. Ta fito da wani ƙaramin akwati fari, ta ajiye a tebur. Na'urar kunne ce, mai tsada, ƙarama kamar ƙwayar wake, wadda in an sa ba a ganinta. Ta ce, "Shi ya sayo a can. Ya ce a kawo wa Baban Auta. Ya ce... ya ce dai a kawo."

Mai Kunne ya gode mata, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Da ta tafi, Malama ta buɗe akwatin ta duba, ta ce, "Kunne naka ne, ba nasa ba. Wannan ta fi taka nesa ba kusa ba. Ka sa abinka, fushin ka ci gaba da yi."

"In na sa ta, duk abin da na ji, da kyautarsa na ji."

Malama ta rufe akwatin. Da safe ta sa akwatin a jakarta, ta biya ta asibiti kafin ta wuce makaranta, ta ba likitar ta ce a ba wa duk wanda ke buƙata, kada a faɗi daga ina.

Mai Kunne yana nan a farfajiyar baya har yanzu. Rana ta ƙona masa wuya, ya daina sa kwat. Direbobin tirela suna sonsa, don ba ya ɓata musu lokaci kuma ba ya ɗora musu laifin karcewar jikin mota da ba su suka yi ba. Sababbin ma'aikata sukan tambayi dalilin sunan nasa, ganin na'ura a bayan kunnensa, wasu ma sun ɗauka tsokana ce. In sun tambaye shi, sai ya ce labarin da tsawo, ya miƙa musu sukudireba ya ce su ɗaure lambar gaba da kyau, mai motar na jira.